Firmin Gaudelet, Mai Shafa wa Agogo Zinariya

Haihuwa

An haifi Firmin Gaudelet a shekarar 1779 a unguwar Saint-Antoine ta birnin Paris. Mahaifinsa Léonard maƙerin tagulla ne, mahaifiyarsa Toinette kuwa wankau take yi a bakin kogi.

Koyon Sana'a

A shekarar 1791 aka kai shi koyon shafen zinariya, sana'ar da ake kwaɓa zinariya da zaiba, wato farin ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da guba, a shafe gidan agogo na tagulla da kwaɓin, sannan a gasa bisa garwashi har zaibar ta tashi hayaƙi ta bar zinariyar. Ba a gane aiki ya nuna sai an sunkuya an ga launinsa ya juya, kuma hayaƙin nan shi ke cinye masu sana'ar. Da wuya ka ga mai furfura a cikinsu.

Aure da Iyali

Ya auri Perrine, mai goge zinariya ta yi ƙyalli, a shekarar 1801. Bisa al'ada, ɗan fari ke gadon murhu, amma Firmin ya yi kememe ya hana ɗan farinsa Aubin kusantar wuta, har abokan sana'a suka riƙa yi masa shaguɓe wai kishin ɗan cikinsa yake yi.

Aikin Ƙarshe

A shekarar 1821, lokacin da karkarwar da hayaƙin zaiba ke jawowa ta riga ta kama shi har cokali ba ya kaiwa baki, aka kawo masa wani babban agogo mai siffar keken doki. Aubin, wanda ya zama saurayi, ya nemi ya tsaya masa a gaban murhu.

Ya ce, "Baba, sau ɗaya tak! Dubi hannunka fa."

Firmin ya ce, "Kai, tafi can! Ni ma da sau ɗaya na fara."

Ya sa Perrine ta ɗaure masa awartaki a hannu da tsumma, tana kuka, ya gasa aikin da kansa har ya kammala. Daga ranar bai sake tsayuwa da ƙafafunsa ba.

Rasuwa

Ya rasu a watan Maris na 1823, aka binne shi a maƙabartar talakawa. Agogon na ɗauke da sunan wanda ya haɗa injinsa, babu na Firmin. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Honorine mai ɗinki, Mathurin kafinta, da Aubin mai gasa burodi, wanda ya kai shekara tamanin da ɗaya yana yanka wa jikokinsa burodi da hannun da bai taɓa rawa ba.