Abin da Aka Shanya Gefen Tattasai

Ana sallame sallar asuba motarmu ta bar tashar Damagaram, ni da ƙanwata. Ita ce mai tafiyar, ni ɗan rakiya ne da ɗaukar kaya. Binciken tsaftace ruwa take yi a jami'a, kuma duk abin da ta shekara tana haɗawa yana cikin bokiti ɗaya mai murfi, wanda ta rungume a cinya har Diffa. Da na ce a ɗora shi saman mota, harara kawai na samu.

Bayan Gure hanya ta fara nuna halinta. Rairayi ya hau kwalta a wurare, inda bai hau ba kuma ramuka ne. A Maine-Soroa muka ci shinkafa da wake, ruwan leda kuwa ya yi tsadar da mutum zai sha yana tunani. Shingayen bincike suka yi ta ƙaruwa. A ɗaya wani jandarma ya sa aka buɗe bokitin, ya leƙa ya ga curi-curi masu ruwan toka suna iyo kamar daskararren koko. Ya ce, "Madam, wannan ana ci ne?" Dariyar da muka yi ke nan a tafiyar.

A hanya ta yi mini bayani. Kowane curi soso ne mai ƙofofin da ido ba ya gani, an dasa ɓurɓushin ƙarfe a cikinsu, wanda ya fi ƙurar gari ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In ruwa mai guba ya ratsa, gubar ta taɓa ƙarfen sai ta wargaje, ƙarfen kuma yana nan bai ƙare ba. Sharaɗinsa ɗaya: kada ya rabu da ruwa. In ya bushe, ƙofofin sun rufe ke nan.

Wajen Gagamari muka fara ganin rumfunan tamfol na waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, jere a bakin titi. Mun kwana cikin garin Diffa, washegari aka kai mu wani ƙauye a kwarin kogin Komadugu. Ko'ina ja: tattasai a kan tabarmi, a kan rumfuna, har kan darni. Ƙamshinsa ya sa ni atishawa har mutane suka gane baƙo ne.

Mai masaukinmu dattijo ne manomin tattasai. Ya kai mu tafkin da kogi ya bari bayan ya janye. Gonaki sun kewaye shi, duk feshin maganin ƙwari da aka yi, ruwan ban-ruwa yana wanko shi ya dawo ciki. Famfon garin ya lalace, zuwa bakin kogi kuma ba kullum ake yarda ba saboda rikicin. Daga tafkin nan gidansa ke sha. Ya ce, "Malama, awakina sun yi ɓari bana. Jikokina kullum ciki, kullum amai. Muna sa alif, ruwa ya yi fari tas, amma ciwo bai bari ba." Ƙanwata ta ce, "Baba, alif laka yake kwantarwa. Abin da ke cutar da ku ba ya da launi."

Shirin shi ne ta yi mako tana tace ruwan tana aunawa. In sakamako ya yi kyau, shugabanninta za su yarda a haɗa mai yawa a kawo wa ƙauyen. Awon farko ya nuna gubar ta ragu sosai. Ban taɓa ganin fuskarta cike da murna haka ba. Uwargidan, tsohuwa mai fara'a da Hausarta ba ta wuce gaisuwa, ta yi mana burabusko da miyar busasshen kifi, muka ci har muka kasa tashi.

Da safe muka bi dattijon gonaki masu nisa ɗebo wani ruwan. Curi-curin muka bar su jiƙe cikin kwano a inuwar zaure. Shi an gaya masa sharaɗin, uwargidan kuwa ba wanda ya tuna ya gaya mata.

A kwarin nan, abin da ake so ya daɗe shanya shi ake yi: tattasai, kifi, kuɓewa, nama. Tsohuwa ta ga kayan baƙi masu daraja cikin ruwa, ta san duk abin da ya kwana a jiƙe ruɓewa yake. Sai ta ɗauko sabuwar tabarma, ta jera su ɗaya bayan ɗaya gefen tattasanta, ta zauna cikin rana tana korar kaji tana juya su. Da la'asar muka dawo ta tare mu da murna, ta miƙo su cikin faifai, sun ƙanƙance sun yi tauri kamar tsakuwa.

Ƙanwata ta mayar da su ruwa har magariba. Ko motsi ba su yi ba. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Yaya, shi ke nan." Da mijin ya fassara wa tsohuwar, sai ta kama bakinta, hawaye suka zubo. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ji haushi.

Da za mu tafi tsohuwar ta cika mana buhu da tattasai, ta riƙe hannun ƙanwata ta haɗa 'yar Hausarta: "'Yata, yaushe wani?" Ƙanwata ta ce sai abin da Allah ya yi, don ba ta san ko za a sake ba ta kayan haɗawa ba.

Mun iso Damagaram lafiya, curi-curin suna ƙwaramniya cikin bokiti duk tsawon hanya. Na koyi cewa magani bai isa gida ba sai matar da ke kula da randa ta san yadda ake riƙe shi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da motarmu ta juya, na waiwaya na ga tsohuwar ta ɗora bidon ɗiban ruwa a ka, ta nufi tafkin.