Uwar da Yaya Sani Ya Zaɓa

Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Yaya Sani makwancinsa, amma sai bana na ji ya tafi da gaske.

Shi ne mai haɗa kwamfuta a zauren gidanmu na Ƙofar Jatau, lokacin da ko a harabar jami'a ta Kongo, inda yake aiki, ba kowane ofis ke da ita ba. Babban allon nan da ake dasa komai a kansa, "uwa" yake ce masa. Iri biyu ake kawo masa daga Legas. Akwai koriya mai tsada, mai suna, wadda malaman jami'a ke nacewa a sa musu. Wannan, in ji shi, 'yar gata ce, wuta na yin rawa za ta ƙone. Akwai kuma wata ruwan ƙasa, ba suna ba sauri, amma ta san halin wutar Zariya. Ita ya sa a tasa kwamfutar.

Ba na manta ranar da ya leƙo ƙofa ya ce wa wani malami, "Sai haƙuri, uwar ta mutu." Kafin la'asar maƙwabtan da suka jiyo shi sun fara shigowa ta'aziyya, suka tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ta yi dariya har da hawaye. Ranar ya koya mata cewa in an kunna aka ji ɗan kuka guda, ƙit, to uwa lafiya lau take.

Bayan rasuwarsa, kullum da safe sai Inna ta sa a kunna mata kwamfutarsa, ta ji kukan, ta ce Alhamdulillahi. Har idonta ya tafi ba ta fasa ba.

Da daminar bana na kunna, shiru. Na zaga da allon wurin masu gyara, suka juya shi suna dariya, ɗaya ya ce, "Baba, kai wa 'yan gwangwan." Da Yaya zai dawo, me zai ce da zamanin da ba mai tambayar ƙarkon abu, sai dai sabuntarsa? Raina ya ɓaci ƙwarai. Sana'arsa ta shuɗe, zauren ya zama shagon cajin waya, waɗanda ya haɗa wa ma sun manta sunansa. Wannan kukan kaɗai ya rage mana.

Dole na gaya wa Inna.

"Ashe ita ma ta gaji," ta ce. "Cikin uwayen Sani, saura ni."