Hannun da Yaya Rakiya Ta Bar wa Dangi

Shekara ashirin da tara ke nan da muka binne Yaya Rakiya a Yendi, kuma har yau in na ga majinyaci da robar ƙarin ruwa a hannu, ita ke faɗo mini a rai. Yayata ce ciki ɗaya, nas ce, ga ta da faɗa. In ta ɗaga murya a ɗakin marasa lafiya, har mai shara sai ya gyara tsayuwa.

Mu 'yan Salaga ne, cinikin goro ya kai Baba Bawku. A can, cikin shekarun tamanin, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Mma, mahaifiyarmu, aka sa mata ƙarin ruwa a hannun dama a asibiti. Yaya tana aiki a Yendi, don haka Inna Ladi, ƙanwar Mma, ita ke jinya. Kamar yadda aka saba, ta riƙa yi mata alwala, ruwa yana jiƙa filastar da ta rufe allurar. Da wurin ya kumbura, sai ta ɗaga filastar, ta shafa man kaɗe da ta yi wa tofi, ta mayar. Ba wanda ya hana ta, ba kuma wanda ya zo ya duba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin Yaya ta iso hannun ya yi suntum, ciwon ya shiga jini, Mma ba ta tashi ba.

Yaya ta ga maiƙo a ƙarƙashin filastar, ta gane. Ta ja ni gefe ta ce, "Sani, Inna ba za ta taɓa jin wannan ba. Ka ji ko?" Na ce na ji. Nauyin maganar ya dame ni, wallahi, amma na riƙe.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Yaya ta ce Wanda ya ƙayyade kwanan shi ya ba mu idon dubawa. Ta koma Yendi ta sa sababbin nas a gaba: a wanke hannu kafin a taɓa robar, a duba wurin allura ko ya yi ja ko zafi, in filasta ta jiƙe a sake ta, in wuri ya kumbura a cire a nemi wata jijiya. Wanda ya yi sakaci kuwa ya sha faɗa. Amma ta hana a kori dangi, don a cewarta in an kore su za su yi shafe-shafensu a ɓoye. Sai ta koya wa yaranta na wurin aiki su ce, "Wannan hannun na asibiti ne, wancan naku ne. Ku shafa, ku tofa, ku riƙe." Maganar alwala kuwa, da kanta ta je wajen limamin unguwar zango, ya bayyana wa mutane cewa majinyaci yana iya taimama.

Yanzu in na leƙa manyan asibitoci, ina ganin na'urori da ƙofofin gilashi, dangi suna baranda sun yi tagumi. Tsabtar za ta burge Yaya. Amma na san sai ta tambaya wa ke riƙe hannun wancan tsohon.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya, Inna Ladi ta zo daga Bawku, ta tsufa ƙwarai. Ta zauna bakin gado, hannayenta duka biyu a cikin mayafi. Yaya ta miƙa mata na hagu ta ce, "Inna, wannan naki ne."

Inna ta girgiza kai. "A'a, Rakiya. Abin da hannuna ya yi wa Yaya Hauwa ya isa."

Hauwa sunan Mma ne. Ashe duk shekarun da muke ɓoye mata, ita ma tana ɓoye mana cewa ta sani. Na kasa ɗaga ido.

Yaya ba ta bar gida ko shago ba, ba kuma a sa sunanta a bangon ko'ina ba. Abin da ta bari na gan shi a ranar. Abiba, wata nas da ta horar, ta gama duba allurar da ke hannun Yaya na dama, ta zagayo, ta zaro hannun Inna daga mayafi ta ɗora a kan na Yaya. Tsohuwar ta yi ta kuka tana murza yatsun a hankali, kuma ba ta sake su ba har Yaya ta cika. Allah ya jiƙan su duka.