Daminar da muka yi shawarar jirgi da bas

A daminar da aka gayyace ni taron manoman shinkafa a ƙasar Holan, ina koyarwa a jami'ar da ke Kalgo, mahaifiyata kuma tana gida Gwandu. Bayan taron zan samu 'yan kwanaki na kaina, na ƙudura zan leƙa Faris, daga can in sauka Italiya wurin wata ƙawata da ke karatu. Abin da ya rage shi ne abin hawa. Jirgin ƙasa ya fi sauri, bas ya fi sauƙi amma yana cin lokaci.

Duk ranar Juma'a bayan sallah nakan shiga mota zuwa gida. Da mun fita Birnin Kebbi, sai in jingina kai da gilashi in saki tunani. Gero ya yi tsawo, ruwa ya kwanta a fadamu, balbelu na bin shanu. Ni kuwa ina can cikin wani jirgi da ban taɓa gani ba, ina ratsa garuruwan da ban iya faɗin sunansu daidai ba. Sai direba ya taka burki saboda awaki, in dawo.

Inna tana tsinke zogale a gindin darbejiya lokacin da na kawo mata maganar. Yayana, wanda ya daɗe yana tuƙin babbar mota zuwa kudu, yana zaune gefe yana shan fura.

"Wanne ka tsayawa a yi salla?" Inna ta tambaya.

Na ce ban sani ba.

"Ki hau bas," in ji Yaya. "Jirgi bayan gari yake bi, kamar mai jin kunyar mutane. Mota ita ke shiga kasuwa."

"Kai ka taɓa hawa nai?" Inna ta ce.

Ya yi dariya, ya ce a Zariya dai ya taɓa jira ya wuce.

Inna ta ajiye faifai. Ta ce tun tana amarya take son ganin jirgin ƙasa, don an gaya mata mutum na iya tashi ya yi tafiya a cikinsa alhali shi ma yana tafiya. Abin bai taɓa shiga kanta ba. "Ki hau, ɗiyata, ki miƙe tsaye, ki taka. In kin komo ki gaya min."

Haka muka shafe makonni. Kowace Juma'a sai a sake buɗe zancen, har maƙwabta suka shiga. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ce ita dai a duba mata shanun ƙasar, ko suna da tozo. A tsakar gidan nan mun je Turai mun dawo ban san sau nawa ba, tabarma ko motsi ba ta yi ba.

Da na isa Holan aka gama taro, sai na raba gardama. Zuwa Faris na hau jirgi. Na miƙe na taka daga wannan tarago zuwa wancan, ina dafa kujeru, ƙasa na gudu a ƙarƙashina. Gonaki suka zama zane ɗaya kore, ban iya tsayar da ido kan komai ba. Kafin in gama mamaki an ce mun iso.

Zuwa Italiya na shiga bas. Ya yi ta hawan duwatsu a hankali, gajimare na sauka har bakin hanya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta gutsuro burodi da cuku ta miƙo min, na ba ta dabino. Ba mu da harshe ɗaya, sai murmushi da nuni. A wani wurin hutawa na shimfiɗa gyalena kan ciyawa na yi azahar, iska mai sanyi na kaɗa ni, ƙararrawar shanu na tashi daga kwari. Na daɗe a zaune bayan na sallame, har direba ya yi min oda.

Ranar da na koma Gwandu hadari ya haɗu a gabas. Na zauna kusa da Inna na fara ba ta labari tun daga farko, ina tausa mata ƙafa. Tana ta cewa "to", "ikon Allah", muryarta na yin ƙasa. Ban kai ga duwatsun ba na ji numfashinta ya canja, barci ya ɗauke ta. Na lulluɓe ta da zane, na fita da gudu kwashe shanya, yayyafi na sauka a fuskata.