Gurbin Taɓaryar Yaya Habi

Bazarar da sanƙarau ya shigo Sandamu, ina 'yar ƙwailata, wata Alhamis da hantsi muka tsaya gaban turmi mu biyu, ni da Inna. Da can mu uku muke lugude a turmi guda: Inna ta saki taɓarya, yayata Habi ta bi, ni in rufe, har kaji su saba su daina gudu. To, a makon nan aka binne Habi. Inna ta buga, na tsaya ina jiran ta biyu, ba abin da ya sauka sai kukan kurciya kan darbejiya. Sannan na buga tawa. Washegari na yi niyyar cike gurbin, Inna ta riƙe mini hannu ta ce, "Bar mata wurinta." Haka muka ci gaba da surfe da ribɗi har aka kai ni ɗaki. Mai wucewa bayan danga kan san dakan gidanmu, saboda wannan ɗan shirun da ke tsakiya.

Ban taɓa zama bencin makaranta ba, amma a dandalin gaɗa ba a yi wadda ta karya mini waƙa ba. Shi ya sa bayan zuwan shari'a, da makaɗa suka yi sanyi, samari suka koma ɗaki da kwamfuta, jikana Sanusi yake kawo mini faya-fayansa nan Daura in yanke musu hukunci. Na gambarar zamani, wanda suke ce wa hip-hop, na yaba bakin yaran, kaifi gare shi kamar zambon 'yan kama, sai dai ba sa barin 'yar amshi ta numfasa. Wani kuma ba waƙa ko kaɗan, gunji kawai kamar ka sa kunne bakin tsohuwar rijiya; ya sanyaya mini zuciya, amma ba wanda zai yi aiki da shi. Na masu jita yakan taso sannu kamar hadarin gabas, sai ka gama kwashe shanya ruwan bai sauko ba.

Rannan ya ajiye rikoda ina daka, ya tafi. Da ya dawo sai ya ce, "Amaryata, na sa ki a faifai." Na saurara. Taɓaryata ce, amma tana sauka ba fashi, kamar injin niƙa. Na ce, "Maigida, wa ya shiga tsakiya?" Ya yi dariya ya ce tsufa ne ya sa nake tsallake bugu, shi ne ya gyara mini. Na ce, "Ba tsallakewa nake ba, ja'iri. Jira nake." Na ba shi labarin Habi. Bai ƙara wasa ba, ya ɗauki kayansa.

Da ya maido faifan, shirun ya koma mazauninsa. Ya kunna, na rufe ido, sai ga ƙamshin gero jiƙaƙƙe, ga amon warwaron Habi daidai inda taɓaryarta ya kamata ta sauka.

Yanzu inji ke yi wa unguwa surfe, turmina ma kaji ke kwana ciki. Duk wanda ya san fuskar Habi ya riga ni tafiya. Wurinta dai yana nan, ba wanda ya taka.