Malachi da Irin da Ba a Shanyawa

Malachi mijin 'yata Dorkas ne. Shekara huɗu ke nan ina zaune a gidansu a Al Rayyan, kusa da Doha, tun da ƙafafuna suka fara yi mini gardama suka ɗauko ni daga gida. Ita nas ce. Shi kuma yana aiki a wani lambun renon itatuwa a bayan gari, shi ke duba bututun ban ruwa. Za ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba, sai fa in ka taɓo zancen itace. To nan ka jawo wa kanka.

A gindin duwatsu aka haife shi, a kudancin Kaduna. Ubansa mai gadin gandun daji ne, shi ma ya gaje shi. Itatuwan doka ne suka rufe gangaren dutsensu, da kirya da kaɗanya jefi-jefi, ga rafi a ƙasa da ba ya ƙafewa ko a tsakiyar rani. Shekara goma sha ɗaya yana zaga dajin a kan keke. Masu gawayi suka fi ƙarfinsa. In ya kama mutum da safe, kafin rana ta yi tsaka wani babba ya sa an sake shi. Da itatuwan suka ƙare, ruwan sama ya kwashe ƙasar gangaren ya zuba wa mutane yashi a gonaki, rafin kuma sai da damina. Ya mayar wa gwamnati kekenta, ya nemi biza.

A lambun ya haɗu da wani dattijo, Abu Ikhlas, mutumin ƙasar Sham, shi ma ɗan gindin dutse. A wajensu akwai itacen da suke kira ballut. Malachi ya ce itace ne mai son ɗumi, ya fi zama a gangaren da rana ke bugawa, ba can ƙololuwa mai sanyi ba, saiwarsa kuma tana ratsa dutse ta riƙe ƙasa. Gatari da awaki sun daɗe suna cin dajin. Bara da kaka dattijon ya je binne mahaifiyarsa, ya tarar gobara ta ƙarasa abin da ya rage, saura manyan itatuwa uku a saman ƙauyensu. Ya tsince 'ya'yansu daga ƙasa. Gidansu ba kowa sai ɓeraye, don haka ya taho da su Doha, da niyyar in kwantiraginsa ya ƙare a Janairu ya koma gaba ɗaya ya shuka. Ɗakin ma'aikatan da yake kwana, firji ɗaya ne na mutum takwas. Sai ya ba Malachi amana.

Ni dai abin da na gani, leda ce cike da jiƙaƙƙen yashi a ƙasan firji, inda nake ajiye alayyahona. Lokacin an tura Malachi aikin mako guda a Lusail. Na buɗe, na ga wasu 'ya'ya masu santsi kamar dabino, wasu da 'yar hula a ka. Na tambayi Dorkas tana saurin fita aiki, ta ce iri ne na abokin maigidan. Tun da uwata ta haife ni, iri shanya shi ake yi: gero, gyaɗa, wake, kuɓewa. Mai ajiye iri a jiƙe fumfuna yake nema. Na ce a raina lallai boko bai tsinana wa yaron nan komai ba. Na tsince su da hannu, na shimfiɗa zani a baranda. Ranar Doha ko a Nuwamba ba ta wasa. Kwana biyar ina juya su safe da yamma, har in ka girgiza ka ji suna kaɗawa. Na zuba a gwangwani, na zauna jiran godiya.

Ya dawo ranar Alhamis da la'asar. Na miƙa masa gwangwanin, ya girgiza a kunne. Suruki ba ya ɗaga wa uwar matarsa murya, bai kuwa ɗaga ba. Da ya ɗaga da na fi jin sauƙi, don ina da amsa.

"Mama, kwana nawa suka yi a rana?"

"Biyar. Sun bushe sarai."

"Kin taɓa ganin ƙwarar kaɗanya ta bushe, aka shuka ta tsiro?"

Ban taɓa gani ba. Kowace mace a garinmu ta san ƙwara in ta bushe sai dai a yi mai. Ban dai kawo a raina itacen Larabawa zai yi halin namu ba.

Ya ɗebo ruwa a bokiti ya juye su ciki. Ya ce mai rai nitsewa yake, mataccen ya taso. Duk suka taso, suka rufe fuskar ruwan. Ya daɗe a tsugune, sannan ya tambaye ni ina yashin. Ƙyuyar sauka ƙasa ta sa na juye shi a wata tsohuwar tukunyar fure a inuwa. Ya tona da yatsu. Idona ya rage gani, ashe na bar sha bakwai a ciki. Sha huɗu suka nitse.

Dorkas ta ce a gaya wa dattijon cewa firji ne ya lalace. Malachi ya ƙi, ya ce zai faɗa masa laifinsa ne, tunda bai yi wa mutanen gida bayani ba. Na ce ban tsufa don a riƙa ɗaukar mini laifi kamar jakar kasuwa ba. Washegari Juma'a ba aiki, na sa suka kai ni.

Ba na jin Larabci, Malachi ne ya yi tafinta. Na ce ya gaya masa ni ce, kuma kada ya sassauta maganar. Dattijon ya zuba hannu cikin gwangwanin, ya fasa ɗaya da haƙori, ya dubi cikin da ya yi baƙi ya ƙanƙance. Bai dube ni ba. Ya tambayi nawa suka rage, aka faɗa masa.

"Khalas," in ji shi, wato shi ke nan. "Malachi, riƙe mini su har Janairu."

Ban zaci zai sake ba shi ba. Wata biyu Malachi yana yayyafa wa yashin nan ruwa kafin ya karya kumallo. Ni kuwa na mayar da alayyahona saman firji.

Abu Ikhlas ya tafi da su sha huɗun. A watan Afrilu ya turo hoto a wayar Malachi: gangare baƙi ƙirin, da 'yan kejin waya da ya kafa saboda awaki. Tara sun tsiro, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Ya kuma rubuto cewa cikin manyan itatuwan uku, biyu ba su fitar da ganye ba bana, wutar ta kai musu har saiwa. Malachi ya karanta mini wannan da Hausa, a hankali, don ni na ce ya karanta.