Ranar da Hajo Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

Duk wanda ya san Gazara ya san Hajo mai nono. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta sa abu a gaba sai ta ga ƙarshensa. Shekara da shekaru tana kai ƙwarya kasuwar Makarfi, ba wanda ya taɓa kuka da nononta. Abu ɗaya ake tsokanarta da shi, wato kunya. 'Yarta ta fari, Zulaihatu, a hannun kaka ta girma har ta yi aure a babban gidan Maiwada, amma sunanta bai taɓa fita daga bakin Hajo ba, sai dai "waccan". In suka yi kiciɓis a hanya, nan take Hajo za ta hango wani abu a gonar rake da ya kamata ta tsaya ta duba.

Daminar bara wasu masu bincike suka zo asibitin garin. So suke su gane ko dattawan mata za su iya gano hawan jinin masu ciki tun a gida, kafin ya kai ga jijjiga. Aka ba Hajo da maƙwabciyarta mai suna Sabuwa na'urar awo, kowa da tata: a ɗaura a dantse, a matsa, ta nuna kore ko ja. In ja ne, a kira Farida, nas ɗin da ke kula da aikin, ba jira.

Hajo ta riƙe aikin nan da hannu biyu. Ko ruwa ake sheƙawa za ka gan ta da na'ura cikin leda, tana ratsa taɓo gida-gida. Gida ɗaya kawai ta tsame. "Ke ki riƙe gidan Maiwada," ta ce wa Sabuwa, don waccan na da ciki. Sabuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓa.

Sai Sabuwa ta tafi biki Ikara, bikin kuma ya ƙi ƙarewa. Ran nan da hantsi Hajo ta hango Zulaihatu a bakin rijiya, fuska ta kumbura, silifas ya ƙi shiga ƙafa, ta dafe kai. Alamomin da aka koya wa Hajo ke nan sak. Da Zulaihatu ta koma gida, Hajo ta wuce ƙofar gidan Maiwada kamar ba nan za ta ba, ta dawo, ta yi sallama da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Ta kama dantsen da rabonta da taɓa shi tun yaye. Idonta a ƙasa ta ɗaura, ta matsa. Ja. Ta sake, ja dai.

"Nas, ga ja a gidan Maiwada," ta ce a waya.

"Wace ce, Inna?"

"Waccan."

"Inna, masu ciki uku ne a gidan nan, kowa da irin matsalarta. Gaya mini suna in sanar da babban asibiti su shirya kafin mota ta iso."

Matan gida sun yi cirko-cirko. Tsoro ya kama Hajo, tsoron da ya fi kunyar ƙarfi.

"Zulaihatu," ta ce. "'Yata ce. Don Allah ki yi sauri."

Zulaihatu ta ɗago kai ta fashe da kuka, ba kuma na ciwon kai ba.

Allah ya sa an kai ta a kan kari, aka sauko da jinin, ta haifi 'ya mace lafiya. Masu bincike suka ƙidaya ta cikin waɗanda awon gida ya ceta, suka wuce ƙauye na gaba. Hajo kuwa, kada ka ɗauka ta canza. Ranar suna ma a bayan rumbu ta zauna, kuma ta koma "waccan" abinta.

Da Sabuwa ta tsokani mai jego cewa ga shi an mayar da ita marar suna, Zulaihatu ta gyara wa jaririya kwanciya ta ce, "Ƙyale ta, Inna Sabuwa. Na ji sau ɗaya, ya ishe ni."